Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Binciken Haɗurra a Ginin Asibiti

Babban kuskuren masu zagayen duba ginin asibiti shi ne ƙirga kayan da ido ya gani ba tare da an gwada ko suna aiki ba. Mai bincike zai ga tukunyar kashe gobara rataye a bango, ya sa alama a takardarsa ya wuce, alhali ma'auninta ya nuna ta sace tun bara, kuma babu ma'aikacin jinya ko ɗaya a ɗakin da ya san yadda ake zare fil ɗinta. Gyaran shi ne a duba ma'auni da ranar da aka cika ta, sannan a kira wanda ke bakin aiki a ce ya nuna yadda zai yi amfani da ita.

Haka nan ana yawan yin zagayen da hantsi, bayan an sanar, an share ko'ina an goge. Asibitin dare kuwa daban yake. A lokacin ne masu jinya ke shimfiɗa tabarmi a baranda har su toshe hanya, ake jona cajar waya biyar da hitar dafa ruwa a soket ɗaya, mai gadi kuma ya garƙame ƙofar fita ta gaggawa da kwaɗo saboda tsoron ɓarayi, ya jefa makullin a aljihu. Duk binciken da bai haɗa da zagayen dare na ba-zata ba, rabin asibitin kawai ya gani. Idan an zo ƙofar, kada a tsaya kallo: a buɗe ta, a turo gadon mara lafiya a ga ko zai wuce, domin wanda aka yi wa tiyata ɗazu ba da ƙafarsa zai fita ba.

Inda sakaci ya fi tsada shi ne wurin da iskar oksijin ta haɗu da wutar lantarki. Mutane da yawa sun ɗauka oksijin ba shi da haɗari tunda magani ne. Gaskiya ne shi kansa ba ya ci da wuta, amma kashi 21 cikin ɗari kawai yake a iskar da muke shaƙa, kuma da zarar ya ƙaru a ɗakin da ke rufe, zanen gado da katifa da labule kan kama daga ɗan tartsatsin da a da ba zai yi komai ba. A watan Afrilun 2021 fashewar tukunyar oksijin ta tayar da gobara a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, inda aƙalla mutum 82 suka rasu. A watan Mayun 2022 kuma jarirai 11 suka mutu a ɗakin jarirai na asibitin garin Tivaouane a Senegal, gobarar da aka danganta da haɗuwar wayoyin lantarki. Saboda haka a duba ko tukwanen a tsaye suke an ɗaure su da sarƙa, nesa da soket da maiƙo, ko masu iska a ware suke da waɗanda suka ƙare, sannan a taɓa soket ɗin da kwalaben bakwaini ke jone a ji ko ya yi zafi ko ya yi baƙi. Janareta ma a kashe wuta da gangan a ga ko zai tashi, a kuma lura ko hayaƙinsa na shiga ta tagar ɗakin marasa lafiya.

Santsin tayil a banɗaki, rashin abin dafawa a bango, da mazubin allurai da cikarsa ta wuce kashi uku cikin huɗu ba a ɗauke shi ba, duk masu shara da goge-goge sun fi kowa saninsu, sai dai ba kasafai ake tambayarsu ba.

Kuskuren ƙarshe a rahoto yake. Akan jera matsaloli hamsin a kai ɗaya, fentin da ya kwaile kusa da ƙofar da aka kulle, sai hukumar asibiti ta zaɓi mai arha ta gyara. Kamata ya yi kowace matsala a auna ta da tambaya biyu: yaya yiwuwar faruwarta, kuma idan ta faru me za ta jawo? Wadda za ta iya cin rai a sa ta a sama, a rubuta muƙamin wanda zai gyara da ranar da zai gama, sannan mai binciken ya koma a ranar ya sake tura ƙofar da hannunsa.