Babi na 6: Shuka Na'a-na'a Mai Ƙamshin Lemo a Lokacin Hunturu

Darasi na 1: Sanin tsiron

Iyayena da yayyena, ku karanta a hankali, babu mai korar mu. Wannan tsiro ɗan'uwan na'a-na'a ne, Turawa na ce masa lemon bam. Asalinsa daga kudancin Turai ne. Ku murza ganyensa a tafin hannu, za ku ji ƙamshin lemon tsami. Ana dafa shayi da shi.

A Kanada da Rasha, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, ganyensa kan mutu, amma saiwar tana nan da rai. Sukan lulluɓe gindin da busasshen ganye, in ɗumi ya dawo sai ya sake tohowa. To, sanyin Disamba da Janairu na Bauchi ba zai kashe shi ba. Abin tsoro a wurinmu shi ne busasshiyar iskar hunturu.

Darasi na 2: Zuba iri

Ku samo tsohon bokiti, ku huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. Ku cika shi da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, ku jiƙa ta.

Yanzu ku natsu. Irin ƙanana ne ƙwarai, kuma sai ya ga haske yake tsirowa. Ku barbaɗa shi a kan ƙasa, ku danna da tafin hannu kaɗan, shi ke nan. Kada ku binne shi. Na san hannunku ya saba da binne gero da masara, ba laifinku ba ne, amma wannan ba gero ba ne. Ku rubuta a littafinku: BA A BINNE SHI. Ku sake karantawa da ƙarfi. Madalla.

Bara wani dattijo a ajinmu ya tona rami kamu guda ya zuba, ya dawo yana cewa irin ne marar kyau. Haba Baba! Sau nawa zan faɗa? Wanda ya binne, kada ya zo mini da kuka.

Ku yayyafa ruwa da yatsu safe da yamma, ban da kwarara. Cikin kwana 10 zuwa 14 zai fito.

Darasi na 3: Kulawa

Ku ajiye bokitin bayan katanga, inda iska ba ta duka. Zafin Afrilu in ya shigo, a mai da shi inuwa. A tsare shi daga awaki.

Darasi na 4: Tsinka

Ku tsinki saman reshe da safe, kafin ya yi fure.