Yadda na gyara darasin dangi a ajin Ingilishi

Ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Maradi, inda yara ke fara wannan harshe bayan shekaru shida na Faransanci a firamare. Duk lokacin da na ce su gabatar da danginsu, sai ajin ya yi tsit, ko kuma yaro ya lissafa “brother” goma sha biyu.

Daga baya na gane cewa laifin na tsarina ne, domin hoton da ke cikin littafinmu gidan mutum huɗu ne, alhali yaranmu suna zaune da kishiyoyin uwa, ’yan uba da ’ya’yan baffa. Sai na ajiye littafin, na sa kowa ya zana gidansu da sunayen Hausa tukuna. A kan allo na nuna musu cewa kawu da baffa duk “uncle” ne, gwaggo da inna kuma “aunt”, sannan wa da ƙane sai an ƙara “older” ko “younger” kafin a bambanta su. Kalmar “cousin” ce ta fi ba mu wahala, don a gida ɗan baffa ɗan’uwa ne kawai. Yanzu kowane yaro yana faɗin jimloli biyar a kan gidansu ba tare da duba takarda ba.