Yadda Za a Fitar da Shara a Makka da Jidda Ba Tare da Matsala da Baladiyya Ba

Tun da Saudiyya ta fitar da dokar sarrafa shara a 2021, ana ƙara matsa wa gidaje su riƙa ware shara tun daga madafa. Abin ba wuya, amma akwai inda ake yawan yin kuskure.

Ragowar abinci ita ce babbar matsala. A zafin nan, shinkafa da romo kan yi tsami cikin 'yan sa'o'i. A tsiyaye ruwan, a zuba a leda biyu, a ɗaure bakin tam, a jefa cikin kwandon baladiyya, wato hukumar birni, a mayar da murfi. Ledar da aka ajiye a gindin kwando kyanwoyi za su yage ta kafin asuba. Busasshen burodi kuwa a ware shi daban, masu dabbobi suna so.

Man suya kada ya bi rariya, domin yana daskarewa da tarkacen abinci ya toshe bututu. A bari ya huce, a ɗura a gora, a rufe.

Gorar ruwa da gwangwani a ɗauraye, a matse. Kwali a buɗe shi ya kwanta. Wanda maiƙo ya jiƙa ba ya sake sarrafuwa.

Batirin waya da na fawa bank fa a kiyaye sosai, kada a jefa su cikin shara. Motar shara matse kaya take yi, batirin litiyam kuma idan ya fashe yana kama wuta, ma'aikata ne a bakin haɗarin.

Tsohuwar katifa, kujeru ko ɓaraguzan gini ba na kwando ba ne. A kira 940, lambar baladiyya, ko a shigar da ƙorafi ta manhajar Balady, a tambayi yadda za a kwashe.