Yadda ake kiran shugabannin coci a takardar gayyata da wajen taro

Kafin ka rubuta sunan wani shugaban coci, fara tambayar ɗarikarsa, domin muƙamin da ke girmamawa a wannan coci yana iya zama kuskure a wancan.

A Katolika ana ce wa limami Fada, a rubuce kuma Rabaran Fada, sannan suna. Ba ya aure, saboda haka kada katin gayyata ya ce “Fada da uwargidansa”. Wannan kuskure na faruwa ne idan an kwafi tsohon kati aka sauya suna kawai. Sama da Fada akwai Bishop, kamar Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, sai Akbishop, kamar Ignatius Kaigama da ya koma Abuja daga Jos a 2019. Kadinal muƙami ne da Fafaroma ke bayarwa, kuma ajiye aiki ba ya cire shi: John Onaiyekan ya samu nasa a 2012, ya sauka daga kujerar Abuja, amma har yau Kadinal ake ce masa. Sista ba matar Fada ba ce, mace ce da ta ɗauki alkawarin hidima ba tare da aure ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗarikun ECWA (Evangelical Church Winning All), COCIN (Church of Christ in Nations) da EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya). Waɗannan ba su da Bishop. Na sama Shugaban Ikilisiya ne. A ECWA, mai riƙe da coci Fasto ne har ranar da aka keɓe shi, wato aka naɗa shi cikakken limami, daga nan ya zama Rabaran. Idan ka kira Rabaran da Fasto a gaban jama'a ka rage masa matsayi, idan kuma ka ɗora wa Fasto Rabaran ka jefa shi cikin kunya a gaban manyansa. Dattijo kuwa zaɓaɓɓen ɗan majalisar coci ne, ba maganar furfura ba ce.

Angalika da LCCN (cocin Lutheran) suna da Bishop da Akbishop, kuma limamansu suna aure.

A baki, “Baba Fasto” da “Mama” ga matarsa sun wadatar. A takarda dai, kira sakataren cocin ya karanto maka cikakken muƙamin kafin a kai wa mai buga kati, musamman idan za a jera sunaye, domin na sama ake fara ambata.