Yadda ake binciken tsohon gwalalo da hanyoyin ruwa na mutanen da

Tsohon gwalalo a bayan ganuwa, ko magudanar ruwa da ta toshe tun zamanin kakanni, yawanci juji ake mayar da su. Amma a wurin masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, lakar da ta cike ramin ita ce abin nema. Wanda ya yashe ramin gaba ɗaya don ya ga siffarsa ya zubar da shaidar da ya zo nema. Ga yadda aikin yake tafiya.

Da farko, izini da tambaya. A Nijeriya, doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ta hana tono don neman kayan tarihi sai da takardar izini. Idan ta samu, ka je wurin mai unguwa ko dagaci, ka nemi a haɗa ka da dattawa. Kada ka tambaye su shekarar da aka haƙa ramin. Tambaye su inda ruwa yake bi idan an yi mamako, da gidajen da suke fara cika, da kududdufan da aka cike aka yi gini a kai. Wannan sun gani da idonsu.

Na biyu, duba wurin daga sama. Manhajar Google Earth, mai nuna hotunan ƙasa daga sama, tana da tsofaffin hotuna da za ka iya komawa baya ka gani. Akwai kuma hotunan taurarin ɗan'adam na leƙen asiri na Amurka da ake kira CORONA, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka sake su ga jama'a a 1995. Suna nuna garuruwa kafin gine-gine su cinye bayan ganuwa. A ƙasa kuwa, ka fita bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ciyawa ta fara bushewa. Ramin da ya cike yana riƙe laima, don haka za ka ga zirin kore ya miƙe cikin busasshen fili. Masu hali suna amfani da na'urar auna maganaɗisun ƙasa. Da ita masu bincike daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka gano rami da ya kewaye tsohon garin Zilum a arewacin Maiduguri, garin da aka zauna kimanin shekaru 2,500 da suka wuce, alhali a saman ƙasa ba a ganin alamarsa.

Na uku, auna gangare, domin shi zai nuna maka aikin da aka yi wa ramin. Magudanar fitar da ruwa tana gangarawa ba yankewa har ta faɗa rafi ko fadama. Hanyar ban ruwa tana barin rafi ta bi gefen tudu da ɗan gangare kaɗan, kamar hanyoyin da aka jera wa duwatsu a Engaruka ta Tanzaniya. Gwalalon tsaro shi kuwa ganuwa yake bi, tudu ko kwari. Sai dai kada ka ɗauka dole aiki ɗaya ne. Ganuwar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu aka kuma faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, da ƙasa aka gina ta, kuma ramin da aka ɗebi ƙasar ya zama shinge ga mahara, ya zama matattarar ruwan damina. Kuma saman da kake takawa yau ba shi ne gindin asali ba. Huda ƙasa da bututun ƙarfe a wurare da dama a tsawon ramin, ka auna zurfin da ka taɓo ƙasar asali, sannan ka kwatanta.

Na huɗu shi ne tonon, kuma da rani ake yinsa. Ba a bin tsawon rami. Yanka shi ake yi a gicciye, daga wannan gaɓa zuwa waccan, faɗin mita 1 zuwa 2, har a shiga ƙasar da ba a taɓa taɓawa ba a kowane gefe. A ɗaura igiya, a cire ƙasa hawa-hawa, na sama kafin na ƙasa, kowane hawa da lambarsa da jakarsa. Diga da shebur na cikon sama ne. Da an zo kusa da gindi sai cokalin magina. Idan zurfi ya kai ƙirjin mutum, a yi wa bangon matakala ko a tokare shi da katako. Cikon rami ba shi da ƙarfi, yana ruftawa ba gargaɗi.

Idan an kankare bangon ya yi sumul, sai karatu. Yashi mai tsakuwa a gindi yana nufin ruwa ya gudu da ƙarfi. Laka mai laushi, baƙa ko ruwan toka, tana nufin ruwa ya kwanta ya daɗe. Siraran layukan yashi da laka da suke bin juna alamar damina bayan damina ce. Dunƙulen jar ƙasa da ya gangaro daga gefe ɗaya yawanci ganuwa ce ta zaizayo. Toka, ƙashi da tsingaro kuwa suna nuna lokacin da mutane suka daina kula da ramin suka fara zuba shara. Abin da na fi so a lura da shi shi ne alamar yasa: inda za ka ga wani sabon rami ya yanka cikin tsohon ciko. Kowace yasa shaida ce cewa akwai wanda yake da ikon tara jama'a su yi gayya, kuma inda yasa ta tsaya, nan wannan iko ya yi rauni ko buƙatar ta gushe.

Na biyar, samfuri da shekaru, kuma nan ne aka fi zamewa. Gawayi ko ƙwayar hatsi da ta ƙone ana auna shekarunsu ta hanyar sinadarin kabon 14. Amma sakamakon yana faɗin lokacin da itacen ya mutu ne, ba lokacin da aka haƙa ramin ba. Ruwa yana iya kwaso tsohon gawayi daga wani wuri ya jibge. Idan kuma an sha yashe ramin, hawan da ke gindi na yasar ƙarshe ne kawai. Don haka ƙwayar gero ko dawa ta fi guntun tsohon itace, kuma samfuri mafi daraja shi ne wanda aka samu a ƙarƙashin tudun ƙasar da aka fitar, domin ramin ba zai girme shi ba. Akwai kuma gwajin da ke nuna lokacin ƙarshe da yashi ya ga hasken rana: ana buga baƙin bututu cikin bango a toshe bakinsa biyu, idan haske ya shiga samfurin ya lalace. Ɗebi laka daga kowane hawa, a tace ta da ruwa. Bawon ƙananan dodon koɗi da ƙwayoyin tsirrai za su nuna ko ruwan mai gudu ne ko kwantacce.

Daga nan sai a zana bangon bisa ma'auni, a ɗauki hoto da sandar awo a ciki, a rubuta lambobin GPS. Yanka ɗaya bai isa a yanke hukunci kan rami mai tsawo ba, a yi aƙalla a sama, tsakiya da inda yake zubewa. A mayar da ƙasa kafin ruwan farko ya sauka, a kai rahoto ga hukuma, a kuma ba masu tsara gari taswirar, tun da ta nuna hanyar da ruwa ya saba bi kafin a yi gini a kanta.