Yadda Ake Zagayen Filin da Mai Shi Ya Keɓe Don Kiyaye Itatuwa

Idan wani mai fili a kewayen Kaduna ya hana sare itace da farauta a wani yanki na gonarsa, kai kuma ka ɗauki nauyin sa wa yankin ido kyauta, ga matakan da ya kamata ka bi.

Da farko, ka karɓi izininsa a rubuce, sannan ku je tare ku gaida mai unguwa, domin mutanen ƙauyen su san fuskarka da abin da ya kawo ka.

Na biyu, ka bi iyakar filin da ƙafa da sassafe, tare da wani ɗan yankin, ka tabbatar alamun iyaka suna wurarensu.

Na uku shi ne ainihin aikin. Ka duba sabon kututture mai zubar da ruwa, da tudun ƙasa mai hayaƙi inda ake ƙona gawayi, da tarkon waya a hanyar zomaye. Ka fi mai da hankali ga kaɗanya da ɗorawa, domin suna ɗaukar shekaru masu yawa kafin su fara 'ya'ya, haka kuma maɗaci, wanda masu neman magani kan ɓare bawonsa zagaye har ya bushe a tsaye. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ciyawa, gobarar daji ce babbar barazana, saboda haka ka duba ko an share hanyar tare wuta.

Ka ɗauki hoto daga wuri ɗaya a kowane zuwa, ka rubuta kwanan wata. Idan ka tarar da mai ɓarna, kada ka yi jayayya da shi, ka kai wa mai filin rahoto a ranar.