Zanen Tashin Yesu Daga Matattu: Inda Masu Kallo da Masu Zane Suke Yawan Kuskure

Da zarar Ista, bikin Kiristoci na tashin Yesu daga matattu, ta ƙarato, sai ka ga hotuna sun cika WhatsApp da Facebook, masu buga fosta da kalandar coci kuma aiki ya yi musu yawa. Galibin hotunan tsofaffin zane-zanen Turai ne da aka kwaso daga intanet, aka rubuta "Ya tashi" a ƙasansu. Sau da yawa kuwa hoton da aka ɗauko ba na tashin ba ne sam. Musulmi mai karatu ya san aƙidarsa dabam ce, domin aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Ba muhawarar aƙida ce ta kawo mu ba. Abin da ke gabanmu shi ne gane abin da mai zane ya zana, da inda ya samo shi.

Kama da wane ba ta wane. Akwai al'amura uku da masu zane kan nuna Yesu cikin fararen tufafi da haske, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa: sākewar kamanninsa a kan dutse, tashinsa daga matattu, da hawansa zuwa sama bayan kwana 40. Wani zanen da akan yi wa kuskuren suna shi ne na Raphael, wanda ya fara a 1516, ya mutu a 1520 yana kansa, yanzu kuma yana Vatican. Na sākewar kamanni ne, abin da ya faru tun kafin gicciye. Gyaran ba wuya. Dubi waɗanda ke tare da shi. In ka ga dattawa biyu suna shawagi a gefensa, Musa da Iliya ne, kuma almajirai uku na kwance a kan dutsen, to sākewar kamanni ce. In taron almajirai ne suka ɗaga kai suna kallon gajimare, hawa sama ne. In akwai kabari da masu gadi, shi ne tashin. Sannan dubi tafin hannu: kafin gicciye babu tabon ƙusa.

Li'azaru, mutumin da Bishara ta ce Yesu ya tayar daga matattu, shi ma ana shigo da shi cikin ruɗanin, amma nasa a bayyane yake. Yana fitowa naɗe da likkafani, Yesu na tsaye a waje yana kiransa. A zanen Giotto na birnin Padua, wajen 1305, har da masu toshe hanci, domin gawar ta kwana huɗu.

Kuskuren da ya fi girma shi ne ɗaukar zanen a matsayin abin da Bishara ta faɗa kalma da kalma. A cikin Matiyu, Markus, Luka da Yohanna babu wanda ya bayyana lokacin fitowar Yesu daga kabari. Abin da suka ba da labari shi ne kabarin da aka tarar babu kowa, da mutanen da suka gan shi daga baya. Kiristocin farko sun tsaya a nan. A maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma, Annabi Yunusa suke zanawa yana fitowa daga cikin kifi, saboda Matiyu 12:40, inda Yesu ya kwatanta kwana ukunsa a cikin ƙasa da na Yunusa a cikin kifi. Wani sassaƙen hauren giwa na wajen shekara ta 400 da ke Munich, da littafin Bisharar Rabbula da aka rubuta da harshen Suriyanci a 586, duka mata ne suke nunawa a bakin kabari tare da mala'ika. Sai bayan shekara ta 1000 zanen Yesu yana fitowa da kansa ya yaɗu a Yammacin Turai.

A ɗauki na Piero della Francesca, wanda ya zana a bangon zauren majalisar garin Sansepolcro na Italiya a shekarun 1460. Yesu na tsaye cikin wani akwatin dutse, ya ɗora ƙafar hagu a bakinsa, hannun dama riƙe da farar tuta mai jan gicciye, idanunsa a kan mai kallo. A ƙasa sojoji huɗu sun sheƙe da barci, ɗaya ya jingina ƙeya da jikin kabarin. A bayansa, itatuwan ɓangare ɗaya sun bushe ƙayau, na ɗaya ɓangaren kuma sun yi ganye shar. Zane ne mai kwarjini, amma kusan duk abin da na lissafa ƙarin mai zane ne. Markus 15:46 ya ce kabarin a jikin dutse aka fafe shi, aka gangaro wani dutse aka rufe bakin. Akwatin dutse irin kabarin manyan mutanen Italiya ne, abin da Piero da mutanen garinsa suka saba gani. Tutar alamar nasara ce a kan mutuwa, babu ta a nassi.

Batun barcin sojojin ya fi ban sha'awa. Matiyu kaɗai ya ambaci masu gadi, bai faɗi adadinsu ba, bai kuma ce sun yi barci ba. Cewa ya yi sun yi rawar jiki don tsoron mala'ikan, suka zama kamar matattu. Maganar barci ta fito ne a 28:13, inda manyan firistoci suka ba su kuɗi su ce almajirai sun sace gawar suna barci. Ke nan mai zanen da ya kwantar da sojoji suna minshari, ba da niyya ba ya zana labarin da Matiyu ya kira ƙarya. Ban ce a daina sha'awar zanen Piero ba. Amma malamin makarantar Lahadi da zai nuna wa yara shi, ya kamata ya buɗe Matiyu 28 a gefe, ya bar yaran su nemo bambancin da kansu.

Wasu kuma idan suka ga zanen cocin Orthodox sai su ce ai wannan ba tashi ba ne, tunda ba kabari ba sojoji. A cocin Chora da ke Istanbul, wanda yanzu masallaci ne, akwai zanen wajen 1320: Yesu cikin fararen kaya ya take karyayyun ƙofofin lahira, makullai da sarƙoƙi a warwatse ƙarƙashin ƙafarsa, yana fizgo Adamu da hannu ɗaya, Hawwa'u da ɗayan. Lura da riƙon. A wuyan hannu ya kama su, yadda ake janyo wanda ya faɗa rijiya ba shi da sauran ƙarfi. Wannan shi ne zanen Ista a wurin Girkawa da Rashawa, tushensa kuma 1 Bitrus 3:19 da wani tsohon rubutu da ake kira Bisharar Nikodimu, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki.

Ga masu zane na yanzu, laifin da na fi gani shi ne goge raunuka. Hannu sumul, haƙarƙari sumul, wai don hoto ya yi kyau. Tsofaffin masu zane ba su yarda da haka ba, domin raunin ne shaidar cewa wanda aka gicciye shi ne wanda ya tashi. Matthias Grünewald ya yi zanen bagadin Isenheim tsakanin 1512 da 1516, don asibitin wasu sufaye masu jinyar cutar da ake ɗauka daga wata fumfuna mai dafi da ke kama hatsi, wadda ke ruɓar da yatsu da gaɓoɓi. A allon gicciye, jikin Yesu duk miki ne, irin na majinyatan. Idan aka buɗe allunan sai ga shi ya tashi cikin ƙawanyar haske, fata ta warke tas, amma ya ɗaga tafukansa biyu, hudar ƙusa na nan jawur. Majinyaci ya san abin da ake gaya masa. Zanen yana gidan tarihi na Unterlinden a Colmar ta Faransa.

Toma, almajirin da ya yi shakkar tashin, shi ma akwai gyara. Caravaggio, wajen 1602, ya zana shi da goshi a tattare, ɗinkin kafaɗar rigarsa a ɓarke, yatsansa ya shige cikin raunin māshi, Yesu na riƙe da hannunsa. Mutane da yawa daga nan suka ɗauka cewa Toma ya taɓa. Yohanna 20:27 ya ce an gayyace shi ya taɓa, aya ta gaba kuma amsarsa ce kawai.

Idan ka ga Yesu da fartanya a zanen Titian na wajen 1514, ko da malafa da shebur a na Rembrandt na 1638, kada ka ce mai zane ya yi shirme. Yohanna 20:15 ne: Maryamu Magadaliya ta zaci mai lambu ne. Ita kuma tulun man ƙanshin da ke kusa da ita ba alamar karuwanci ba ne. Babu Bisharar da ta kira ta karuwa. Huɗubar Paparoma Gregory na ɗaya a 591 ce ta haɗa ta da wata mace mai zunubi da ke Luka 7, kuma Cocin Katolika ya raba su a kalandarsa ta 1969.

Mata nawa ne suka je kabarin? Matiyu ya ambaci biyu, Markus uku, Yohanna Maryamu Magadaliya kaɗai, Luka kuwa ya kira sunan uku ya ce da waɗansu. Mala'ika ɗaya ne a Matiyu, biyu a Yohanna. Wanda aka ba aikin zanen bangon coci ya zaɓi Bishara ɗaya ya bi ta, ya rubuta sura da aya a ƙasa, sai gardamar dattawan coci ta ƙare tun kafin ta fara.

Saura fuska. Baturen nan mai laushin gashi da ke kalandu ba daga zamanin manzanni ya zo ba. Da yawa daga cikin irin hotunan nan jikokin zanen Warner Sallman ne, Ba'amurken da ya yi shi a 1940. Bisharu ba su bayyana kamannin Yesu ba, shi ya sa Piero ya ba shi fuskar mutanen ƙauyukan Italiya, masu zanen Habasha suka ba shi tasu. A shekarun 1970 Kiristocin ƙabilar Mafa a arewacin Kamaru, can duwatsun Mandara kusa da iyakar Najeriya, sun riƙa kwaikwayon labaran Bishara a ƙauyukansu, aka ɗauki hotuna, aka zana fiye da 60 daga ciki, har da na safiyar Ista, da mutanen wurin da tufafinsu da duwatsunsu.